Itacen da Kaka Ya Shuka Don Takarda

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kakana, mahaifin mahaifina, ya rasu a tsakiyar daminar nan a gidansa da ke Ƙofar Wambai a Bauchi, bayan sallar Asuba, yana zaune a kan buzunsa da carbi a hannu. Mutane sun yi ta ba ni haƙuri, na kuma gode. Amma kada mai karanta wannan ya zaci mai haƙuri ce ta rubuta shi. Tafin hannuna duk bororo ne, da ƙyar nake riƙe biro, kuma abin da nake yi wa kuka kwanakinsa sun kusa ƙarewa.

Ranar da aka kai shi, mu mata muna zaune a tsakar gida sai maza suka fara dawowa daga maƙabarta. Na saba jin abin da ake faɗa a irin wannan dawowa: yawan jama'a, laushin ƙasa, hasken fuskar mamaci. Ranar kuwa maganar kowa ɗaya ce, itace. Wani dattijo maƙwabcinmu ya tsaya a bakin zaure yana ɗaga murya don mu ji daga ciki.

"Wallahi tun da nake bin gawa ban taɓa ganin itace irin na yau ba. Tsibi guda, ya fi tsayina! An rufe shi, ragowar sai ta rufe unguwa guda."

Wata tsohuwa ta ce masa, "Kai Malam, faɗi alheri ko ka yi shiru."

Aka ɗan yi murmushi cikin hawaye. Goggo, autar Kaka, ta ɗaga hannu sama tana kuka tana hamdala, wai Baba ya ga sakayyarsa tun bai kwana a kabari ba. Matan unguwa suka ce alamar dacewa ce. Kowa ransa ya yi sanyi, ban da ni. Ina riƙe da tiren ruwa a lokacin. Na ajiye tiren, na aika a kira mini maigidana bakin ƙofa.

Na ce, "Itacen nan daga ina?"

Ya ce, "Daga gandu mana. Daga ina kuma?"

"Wa ya nuna musu yadda za su sara?"

Sai ya kawar da kai yana gyara hularsa.

Wanda bai san Kaka ba zai ce wace irin jika ce wannan, an binne kakanta tana tambayar itace. Bari in faɗa muku gandun nan.

Lokacin da Bauchi ta zama babban birnin jiha, Kaka lebura ne a wurin rainon itatuwa na ma'aikatan gandun daji, yana cika ledoji da ƙasa yana ba tsiro ruwa. A nan ya ji manya suna cewa ana gina masana'antun takarda a kudu, kuma za su ci itace kamar ba gobe. Itacen da suke so shi ne malaina, mai faffaɗan ganye da farin jiki, mai saurin girma. In ka shuka, kafin yaron goye ya shiga makaranta ya yi nisa, ta isa sara. Wai jirgin ƙasa zai riƙa tsayawa a tashar Bauchi yana kwasa. Kowa ya ji ya wuce, Kaka ya ji ya riƙe. Ya je gonar da ya gada a hanyar Dass, gonar da gidan gaba ɗaya ke cin dawarta, ya shuke ta da malaina layi-layi daga wannan iyaka zuwa waccan.

Gida ya ɗau zafi. 'Yan'uwansa suka ce asiri aka yi masa. Kakata mace, wadda muke kira Iya, ta yi yaji har sai da aka je biko. 'Ya'yansa maza uku, mahaifina da ƙannensa biyu, su ne masu ɗebo ruwa daga rafi da rani suna bi rami-rami. Baffannina sun sha gaya mini akwai shekarun da tuwon dare sai an auna shi da ido, ga gona kore shar amma ba abin sa wa a baki.

Itace ya girma, ya miƙe sambal, ya isa sara. Kaka ya wanke babbar rigarsa ya tafi tashar jirgi tambaya. Aka ce ya dawo. Ya dawo, aka ce ya ƙara haƙuri. Daga baya labari ya zo cewa masana'antun sun tsaya. Jirgin ma da kansa ya rage zuwa, har ciyawa ta rufe layin dogo. Yaran unguwa suka sa masa Mai Takarda, suna faɗa da dariya. Shi kuwa amsawa yake yi da "Na'am", ko a jikinsa.

Ni na tashi na tarar da shi da wannan suna. Ba ya tsallake takarda a ƙasa. Ko ta ƙunshin ƙosai ce sai ya duƙa ya ɗauka, ya ɗaga ta saitin rana, ya shinshina, ya ce, "Amarya, zo ki ga wata bishiya." Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce masa tsohon ango mai sadakin ganye. Shi ya bayyana mini yadda ake ɓare itacen, a daddatsa shi, a dafa har ya koma kamar kunu, a shimfiɗa ya bushe ya zama takarda. Bai taɓa ganin an yi ba, ko sau ɗaya. Amma in yana faɗa sai ka rantse jiya ya baro wurin. Burinsa guda ne: wata rana yaro ya buɗe littafi a makaranta, ko malami ya buɗe Alƙur'ani, a ce a cikin farar takardar nan akwai itacen Bauchi.

Saboda haka ya hana kowa. Masu katako suka zo, ya ce itacen takarda ne. Magina masu neman sandunan tokare rufin kankare suka zo, ya ce itacen takarda ne. Masu gidan burodi, masu gawayi, duk amsa ɗaya. Iya kuwa kullum sai ta sayi itacen girki a bakin titi. Ranar da hayaƙin ɗanyen ice ya ishe ta, ta fito daga madafi idanu jajur, ta tsaya a kansa da muciya a hannu.

"Malam, ka ji tsoron Allah! Mijina yana da daji guda, ni ina hura wuta da kara da takalmin roba. Ko reshe ɗaya?"

Ya ce, "Reshen da ya faɗo da kansa naki ne."

Ta ce, "To Allah ya kawo iska."

Ya ce, "Ba amin ba."

Sun yi wannan faɗan ya fi a ƙirga, har mu yara mun haddace shi muna yi musu kwaikwayo.

Abin da ya karya Kaka shi ne rasuwar mahaifina, ɗansa na fari. Ina ƙarama sosai, abin da na riƙe kaɗan ne, sauran a bakin Goggo na ji. Zazzaɓi ne na kwana kaɗan, da damina kamar yanzu. Ku maza kun fi ni sanin yadda ake yi: a haƙa uwar kabari, a haƙa ƙaramin rami a cikinta a kwantar da mamaci, sai a jera gajerun itatuwa a kai, a toshe da ganye da cuɗaɗɗiyar ƙasa kafin a tura sauran. In babu itacen, babu rufewa. Ranar an yi rashe-rashe a gari, itacen maƙabarta ya ƙare. Ga gawa a kan makara, ga hadari ya haɗo, mutane suna kallon-kallo. Sai Kaka ya miƙe. Ya karɓi keken wani, ya bi ta gida ya ɗauki gatari, ya nufi hanyar Dass. Bishiyar farko ta layin farko, wadda mahaifina ya fara ba ruwa da hannunsa, ita ya kayar. Ya daddatsa, ya ɗauro a bayan keke, ya shiga ramin da kansa ya jera wa ɗansa.

Bayan makonni ya koma gandu ya tarar kututturen ya yi tofo. Goggo ta ce ranar ne kawai ta taɓa ganin hawayensa. Ya zaɓi tsiro biyu masu ƙarfi ya bari, ya cire sauran. Cikin 'yan shekaru suka yi kaurin cinya, daidai na kabari.

Tun daga nan duk wanda aka yi wa rasuwa ya rasa itace, gidanmu yake bugowa. Daga Ƙofar Wambai abin ya kai Gwallaga, ya kai unguwannin da ban ma san sunansu ba. Makiyayan da ya sha kora da sanda saboda shanunsu na cinye masa tofo, da uwar ɗayansu ta rasu shi ya kai musu itace har ruga. Bai taɓa karɓar ko goro ba. Sharaɗinsa ɗaya tak: ba mai sa ƙarfe a jikin bishiyarsa sai yana tsaye. Ko yana cin abinci zai tsame hannu ya bi ka. Shi zai nuna maka wadda za a sara, ya nuna inda gatari zai sauka.

"Ƙasa, ƙasa! Daidai idon sawu. Kuma a karkace, kamar fiƙar alƙalami, don ruwa ya zurare."

Bayaninsa ba ya canzawa. In ka sare malaina a sama, ko ka bar kanta a baje, ko ka tsaga ta, ruwan sama zai kwanta a ciki ta ruɓe, gara ta ƙarasa. Ko ta yi tofo a can sama, iskar farko za ta ɓalle shi. In kuwa ka sare ta ƙasa da kyau, to ba ka kashe ta ba, aski ka yi mata. Ni mace ce, amma da yake a hannunsa na tashi bayan mahaifiyata ta sake aure, na ji wannan karatun har ya zauna mini. Tare muke bin turakun awakin maƙwabta muna tsintar ƙwallon malaina, domin awaki na cin 'ya'yan su tofar da ƙwallon a wanke tas, kuma wanda ya bi ta cikin akuya ya fi saurin tsirowa. Matan gidajen suna leƙe suna dariya, dattijo da gemu yana tonon kashin awaki. Sai ya ce musu su yi dariyarsu, kowa da ranarsa.

Da Iya ta rasu, shi ya je ya saro. An ce da ya gama jerawa, kafin ya fito daga ramin, ya dafa itacen ya ce a hankali, "To, ga shi nan na ba ki. Ki yafe mini hayaƙin." Waɗanda suka ji sun rasa dariya za su yi ko kuka.

Sau da yawa liman ya ba shi shawara ya furta a gaban shaidu cewa gandun waƙafi ne na maƙabarta, magana ta ƙare. Ya ƙi. Ni ma na roƙe shi, da wasa da gaske. Sai ya ce, "Amarya, aro nake ba matattu. Itacen na takarda ne. Ranar da jirgi ya dawo fa?" Haka ya mutu yana jiran jirgi. Kai, tsohon nan da taurin kai yake! Allah ya gafarta masa, da ya saurare mu da yau ba na wannan rubutun.

Ga abin da ya faru ranar jana'izarsa, kamar yadda maigidana ya ba ni labari daga baya. Da aka sanar da rasuwar a masallaci, liman ya ce cikin kuka, "Wanda ya rufe mana namu, yau mu za mu rufe shi." Bai ce a je gandu ba. Amma duk wanda Kaka ya taɓa rufe wa uba, ko mata, ko jariri, sai ya ji a ransa cewa lallai sandarsa ta shiga kabarin nan. Ba wanda ya shawarci wani. Daga Gwallaga, daga cikin gari, daga ruga, a keke, a acaɓa, a a-kori-kura, kowa da addarsa ko gatarinsa. Kowa ya zaɓi wadda ta fi miƙewa, don ba a kai wa Mai Takarda karkatacciya. Kowa yana sauri kada a yi sallah ba shi. Mai sauri kuwa ba ya durƙusawa. A tsaye suka yi ta sara, daidai ƙugu, daidai ƙirji, in ta kusa faɗuwa a tura ta da kafaɗa ta tsage. Wanda ya saba tsawatar musu yana kwance a cikin likkafani.

Kabari ɗaya itace nawa zai ci? Ɗan abin da mutum ɗaya zai runguma. Sauran aka tsibe a gefe ana kabbara.

Kwana uku ina zaman makoki kamar a kan ƙaya. Ranar da aka yi addu'ar uku aka watse, na sa maigidana ya kai ni. Gari ya riga ya cim ma gandun, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, amma da can in ka shiga sai ka ji sanyi da duhun ganye. Ranar rana ce ta tare ni tun daga bakin hanya. Inna lillahi! Gefen da ke kusa da titi, inda sababbin sanduna suke, an gama da shi. Kututture tsaye birjik, dogaye, a tsattsage, kowanne ruwa ya kwanta a kansa. Rassa da ganye zube suna ruɓewa, awaki suna yawo a kai. Na ruga layin farko. Kututturen mahaifina, wanda Kaka ya yi ta yi wa aski shekara da shekaru yana sake fitowa, sanduna biyun da ke kansa an sare su a sama, ɗaya ta tsage har cikin uwar.

Ban san inda kabarin mahaifina yake ba. Mace ba ta shiga maƙabarta, kuma ko maza sun ce wurin ya baje tuntuni. Ban riƙe muryarsa ba, hotonsa ɗaya ne kuma ya dushe. Abin da na sani nasa a duniya shi ne wannan kututturen. Nan nake zuwa in zauna in yi masa addu'a, nan na kawo 'ya'yana na ce ga kakanku. Na durƙusa a cikin taɓo na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Wa zan zaga? Mutanen da suka bar sana'arsu suka zo da hawaye? Ƙauna ce ta kawo su, na sani. Garin neman gira aka rasa ido, kuma ba wanda ya lura.

Bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. Ranar addu'ar bakwai baffannina suka zauna a ɗakin Kaka. Baffa Babba, mai bi wa mahaifina, tsohon ma'aikaci ne, yana zaune a GRA. Baffa Ƙarami ɗan kasuwa ne a Gwallaga, 'ya'yansa sun yi yawa, samari suna kwana a shago. Ba mugaye ba ne, kada a ce na ce. Sun daɗe suna so a yanka gandun filaye kowa ya gina wa 'ya'yansa, kunyar Kaka ce ta hana. Yanzu faɗuwa ta zo daidai da zama. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe su, na ce ina da magana.

Baffa Ƙarami ya ce, "Ke ma kin je kin gani. Rabi ya tafi, sauran ma ɓarayin ice za su ƙarasa tun da mai tsaron ba ya nan. Me za a tsare?"

Na ce, "Baffa, bai mutu ba. In aka bi kututturen aka sake sare su ƙasa kafin ruwa ya ci su, wallahi za su fito."

"Su fito a yi me da su? Takarda?"

Goggo ta sunkuyar da kai. Rabonta rabin na namiji ne, muryarta ma haka. Ni kuwa ba ni da ko taku ɗaya, domin mahaifina ya riga Kaka tafiya, kuma jikan da ubansa ya riga kakansa ba ya gado in akwai 'ya'ya maza. Ban ja da hukuncin Allah ba. Na ce ba fili nake nema ba, a bar ko layukan gaba ne saboda maƙabarta. Baffa Babba, wanda tun da na shigo bai ɗago ba, ya ce, "Mun ji. Tashi ki je." Daga baya Goggo ta gaya mini sun tsayar da magana: masu awo za su zo Asabar ɗin da ke bin sadakar arba'in, bayansu kuma motar ture itace.

Washegari na ɗauki gatarin Kaka daga bayan ƙofarsa. Maigidana ya ce, "Haba, me mutane za su ce?" Na ce su ce jikar Mai Takarda ta haukace, gado ne, shi kaɗai aka bar mini. Allah ya saka masa, bai hana ni ba, ranar da ba aiki ma yakan karɓe ni. Tunanina shi ne, in baffannina suka zo suka ga wurin ya yi kore, wataƙila hannunsu ya yi nauyi. Kullum in na sallami yara makaranta sai in hau keke zuwa hanyar Dass, in ɗaure zani, in durƙusa. Saran ƙasa azaba ne. Bayanka zai riƙe, gatari ya riƙa cin ƙasa yana dakushewa, kuma ɗanyar malaina tana kama ƙarfe. In na gyara kaɗan na ɗaga kai, sai in ga saura sun miƙa har inda idona ya tsaya. Ruwa kuma bai fasa zuba ba. Waɗanda ban kai gare su ba sun fara baƙi a ka, in ka danna da yatsa sai ya shige.

Na mahaifina kuwa na kasa taɓa shi. Sau da yawa ina tsayawa a kansa in ɗaga gatari in sauke. Tsohon kututture ne mai faɗi, tsagar ta shiga ciki, yana son hannun da ya iya. Ina tsoron in ƙarasa shi da kaina. Sai na riƙa rufa masa buhu saboda ruwa.

Ana cikin haka maigidana ya dawo daga wata jana'iza da labari. Wai mai haƙan kabari ya ce Baffa Babba ya je ziyarar kabarin Kaka, ya daɗe tsaye gaban tsibin itacen nan, sannan ya ja shi gefe ya roƙe shi ya ware masa 'yan sanduna ya ɓoye, don in tasa ta zo a rufe shi da itacen mahaifinsa. Mai haƙan ya ce masa, "Alhaji, sararriyar malaina ba ta jira. Tsibin nan da ka gani, abin da ba a binne ba kafin baɗi na gara ne."

Da na ji, ban san lokacin da na ce "Allahu akbar" ba. Ashe yana so! Na kira shi a waya, abin da ban taɓa yi ba sai dai in je in durƙusa. Na ce, "Baffa, ka gafarce ni. Kaka yana cewa itacen kabari a tsaye ake ajiye shi." Ya ce ya ji. Sannan ya ce in gaida yara.

Bayan kwana biyu, da hantsi, an ɗauke ruwa ke nan, ina durƙushe ina fama da wani kututture sai na ji tsayuwar mota. Baffa Babba ne, cikin farar shadda, yana tsallake rassa yana tattare riga. Ya tsaya a kaina yana kallo. Na gaishe shi.

Ya ce, "Ba haka Baba yake riƙe shi ba. Kawo."

Ya tuɓe babbar rigar ya rataye a reshe, ya cire agogo, ya gwada bakin gatarin da babban yatsa ya yi tsaki. Ya nemi dutse ya wasa shi. Bai tambaye ni komai ba, ya wuce kai tsaye layin farko, ya yaye buhun. Mutumin da ban taɓa gani ya ɗaga ko bokiti ba ya durƙusa da gwiwoyinsa a cikin taɓo. Ya zagaya kututturen da hannu, ya nemo inda tsagar ta tsaya, ya ce bismillah. Wallahi saran Kaka ne sak, gajere, a karkace, ba gaggawa. Yana yi yana haki, gumi na ɗiga daga gemunsa. Da ya gama, kan kututturen ya fito fari tas, sumul, daidai idon sawu. Ya ɗebo ruwa a tafin hannu daga wani ɗan gurbi ya zuba a kai, muka ga ya zurare bai tsaya ba.

Zuciyata ta cika. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya karɓa. Na fara yi masa godiya ina kuka.

Ya miƙo mini gatarin, ya goge hannunsa a jikin wando. Ya ce, "Kada ki gode mini. Masu awo suna nan zuwa ranar da aka sa. Na yi wa ƙanina alkawari, 'ya'yansa ba su da wurin kwana. Wurin nan ya ci ƙuruciyarmu, ba zai ci ta 'ya'yanmu ba."

Na ce, "To Baffa, me ya sa ka gyara shi?"

Ya ɗauki rigarsa ya saɓa a kafaɗa. Ya kalli kututturen, bai kalle ni ba.

"Yayana ne."

Ya tafi yana ɗingisa ƙafa, shaddar duk taɓo.

An yi sadakar arba'in shekaranjiya. Jiya na je gandu. Kututturen mahaifina ya fito da tofo ta gefe uku, ƙanana, kore, ko tsawon yatsa ba su kai ba. Na gaba da shi ma sun fara. Na tsuguna ina kore awaki har rana ta take.

Saboda haka nake rubuta wannan, kuma da ku nake, ku da kuka je ranar nan da adda da gatari. Ban riƙe ku a zuci ba. Amma kun iya hanyar gandu ba tare da an nuna muku ba, to gidan Baffa Babba bai fi shi wuyar ganewa ba. Ku je kamar yadda kuka je ranar, da yawanku, da liman a gaba, wannan karon hannu sake. Ku roƙe su su bar layukan gaba. In fili ne damuwar Baffa Ƙarami, a cikinku akwai masu faɗa a ji da za su san yadda za a yi. Ni maganata ba ta wuce bakin ƙofa. Ku maza ne, ku kuke shiga ramin, ku kuka san yadda ake ji in gawa na kan makara ana kallon-kallo. Asabar jibi ce.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa taurin kansa, ya sa inuwar da ya yi wa mutane ta tarar da shi. Allah ya haɗa shi da Iya da ɗansa na fari a gidan da ba hayaƙi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya sa a samu abin rufe mu.